Yadda Za Mu Ɗaga Babur A Gida Ba Tare Da Ya Danne Mu Ba

A yau kusan kowane ɗayanmu yana da babur, da shi muke zuwa kasuwar shanu ta Adumri da ta Pitowa mai ci ranar Lahadi, da shi muke bin hanyar Gashiga da Demsa zuwa iyakar Nijeriya. Yashi da laka na waɗannan hanyoyi suna cin sarƙa da birki, shi ya sa da yawanmu kan taɓa ɗan gyara a gida maimakon jiran bakanike. To, a nan matsalar take. A watan jiya wani ɗan ƙungiyarmu a Garuwa ya ɗora babur a kan bulo zai cire taya, bulon ya fashe, babur ya faɗo masa a ƙafa. Kasuwa huɗu bai je ba, shanunsa sai amana ya bayar.

Mu da muka san kayar da sa, mun san ba a yinsa sai da igiya da mataimaki. Babur ma haka ne, domin irin namu ɗin nan ya haura kilo 100, kuma in ya tashi faɗuwa ba ya sallama.

Abu na farko shi ne wuri. A nemi daɓe ko siminti mai lebur. In ba sai ƙasa, a shimfiɗa katako mai kauri, domin yashi da ƙasar damina suna haɗiye ƙafar babur a hankali, mutum bai ankara ba. A kashe inji, a rufe makunnin mai, a sauke jarka da duk wani kaya, sannan a bari salansa ta huce.

Ga inda akasarinmu ke kuskure: sai mu ɗaga babur tukuna, sannan mu kama noti da sifana muna ta kokawa. Wannan fizgar ita ce ke tunkuɗe shi. A sassauta notin taya tun babur yana ƙasa, ɗaurin ƙarshe ma sai an sauke shi.

A kafe shi a kan ƙafa biyu ta tsakiya, ban da ta gefe. Wannan ƙafa takan naɗe in babur ya gangara gaba, saboda haka in tayar baya za a cire, a ɗaure hannun birkin gaba da roba, a kuma ɗaure ƙafar da igiya zuwa tayar gaba. In ta gaba ce, a ɗaure ƙafar a jikin ƙarfen babur, wani ya danne baya, a cusa gungumen itace a ƙarƙashin inji. Tsohon turmi da aka kifa ma yana yi. Amma bulo, ko duwatsu da aka jera, ko bokiti, wallahi a bar su. Kafin a cire komai, a girgiza babur da hannu a gani ko ya zauna.

Sai batun sarƙa. Kada a tayar da inji a sa giya wai don taya ta riƙa juyawa ana goge ta da tsumma. Tsumma ya shiga, yatsa ya bi shi. A juya taya da hannu. Yara kuma a kore su daga wurin har sai babur ya sauka a kan tayoyinsa biyu.