Bindiga A Ɗakin Maigida: Kafin A Saya, Me Doka Ta Ce?

Da zarar sha biyun dare ta gota a Kaura Goje, sai unguwa ta koma hannun 'yan sintiri. Ba abin da ake ji sai usur daga wannan lungu, wani ya amsa daga wancan, da haushin karnuka can wajen Gama. Magidancin da ya kwanta da cinikin yini a ƙarƙashin matashi, barcinsa rabi da rabi ne. In kuwa aka haura katangar wani, to washegari bayan sallar Lisha ita ce hirar dakalin ƙofar gida, kuma ba a jimawa sai wani ya kawo zancen bindiga: wace iri ta fi, nawa take, a hannun wa ake samu. Tambayoyi biyu ne ba a cika yi ba a irin wannan zama, alhali kuwa su ne a gaba. Shin doka ta yarda? Wa kuma zai koya wa mutum riƙe ta?

Wannan zance ba a dakali ya samo asali ba, manya ne suka buɗe ƙofarsa. A watan Maris na 2018 Janar T. Y. Ɗanjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. A watan Agusta na 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Alhaji Aminu Bello Masari, ya je ta'aziyya Jibiya ya shawarci mutanen yankin su nemi makami. A watan Yuni na 2022 kuwa gwamnatin Zamfara, zamanin Bello Matawalle, ta zarce haka, ta ce za ta raba takardun neman lasin 500 ga kowace ɗaya daga masarautunta 19. Ba a kwana biyu ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da ikon umurtar Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba da lasin. Da 'yan bindiga suka fara taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, sai maganar da Bakano ke ji a rediyo ta zama ta gida.

Sai dai ciwon Kaura Goje ba irin na Jibiya ba ne. Abin da ke damun mazauna wannan yanki na Ƙaramar Hukumar Nasarawa shi ne faɗan daba, da ƙwacen waya, da ɓarawon da ke haurowa da wuƙa cikin dare. Maganin da aka rubuta wa ƙauyen bakin daji ba lalle ya dace da unguwar da katangar wannan ita ce bangon ɗakin wancan ba.

Bindiga dai ba baƙuwa ba ce a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki, kuma har gobe ana jin ƙarar adakarsu ran hawan Salla. Amma a lura, tun wancan zamani bindiga tana hannun waɗanda aikinsu ke nan, watau bayin sarki da mafarauta, masu shugaba da ladabin sana'a, waɗanda yaro kan shekara yana ɗaukar wa ubangidansa jaka kafin a bar shi ya ɗura albarushi.

Dokar da ke mulkin wannan al'amari a Nijeriya ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu: igwa, da mai jigida, da bindigogin soja irin su AK-47, da libarba da fistol. Waɗannan ba mai ba da izninsu sai Shugaban Ƙasa da kansa. A nan ne mutane da yawa kan yi kuskure, don ƙaramar bindigar nan da ake gani a sinima ana zarowa daga aljihun tebur, wadda kowa ke zaton ita ce ta tsaron gida, a dokar ƙasar nan ajinta ɗaya da na soja. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum zai iya mallaka da lasin Sufeto Janar na 'Yan Sanda: bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko mai baki biyu, da raifal ta farauta, da bindigar iska. Kashi na uku su ne na toka da ake ɗurawa ta baki, watau adaka ko baushe, waɗanda lasinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Ita kuwa mai famfo, wadda ake jan hannunta ta ɗura wa kanta harsashi, dokar ta cire ta daga kashi na biyu, kuma a watan Fabrairu na 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya sa ta cikin jerin waɗanda ya ba da umurni a karɓe daga hannun jama'a.

Ke nan mai karatu zai ga cewa zaɓin da ake ta gardama a kansa a dakali, doka ta riga ta yi wa mutum fiye da rabinsa. Ko abin da ya saura ma ba hakkin kowa ba ne, alfarma ce da hukuma ke iya hanawa. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka taɓa ɗaurewa kan laifin ta da hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Harsashi ma sai da izni, lasin kuwa ana sabunta shi. Bugu da ƙari, a watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin a duk faɗin ƙasa, don bindigogin da ke yawo sun yi yawa. Saboda haka wanda ke da niyya, hedkwatar 'yan sanda ta Bompai ce zangonsa na farko, ba shagon dillali ba.

Wanda kuwa ya bi ta bayan fage, ya san abin da ya saya. Dokar Fashi da Makami, wadda gwamnatin soja ta kafa a 1970 aka sabunta ta a 1984, ta tanadi tarar N20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun, ga duk wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Alƙali ba zai tambaya ko don tsaron iyali aka ajiye ta ba. Duk da haka kasuwar tana ci. Wata cibiyar bincike da ke Janeba, Small Arms Survey, ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, alhali na soja da 'yan sanda da sauran ma'aikatan tsaro a haɗe ba su kai 600,000 ba. In da yawan bindiga shi ne zaman lafiya, da tuni ƙasar nan ta fi kowace kwanciyar hankali.

A ɗauka dai an buɗe ƙofa, mutum ya cika sharuɗɗa. Abin da zai samu bai wuce mai baki ɗaya ko mai baki biyu ba, kuma ba don faɗa cikin ɗaki aka ƙera su ba, don daji aka yi su. Doguwa ce, juya ta a ƙaramin soro aiki ne. Ƙwayoyin harsashinta bazuwa suke yi, kuma ƙofar langa-langa ko tagar katako ba ta tare su. A gidan haya na Kaura Goje, bayan wannan taga akwai maƙwabciya da jaririnta, a ƙofar gida kuma wataƙila almajirai ne kwance. Adaka kuwa ta fi wannan haɗari ga mai ita: harbi ɗaya take yi, ɗurinta na cin lokaci, damina na kashe mata albarushi, in kuma maƙerin ya yi ha'inci a ƙarfe ko an cika mata ɗuri, sai ta fashe a hannu. Ba a banza ake mata laƙabi da harba-ka-ruga ba.

To, ga babban giɓin, watau horo. Dokar 1959 ta binciki ido da hankali da halin mai neman lasin, amma ba ta ce sai ya zauna a aji an gwada shi ba. A Afirka ta Kudu, inda dokarsu ta shekarar 2000 ta yarda a mallaki bindiga don tsaron kai, sai mutum ya kai shekara 21, ya yi karatu a makarantar da hukuma ta amince da ita, ya ci jarrabawar doka da ta harbi, an ba shi takardar shaidar ƙwarewa, ya kuma nuna akwatin ƙarfen da zai riƙa kulle ta, sa'an nan lasin ya ƙare bayan shekara biyar a sake duba shi. A nan gida kuwa filayen koyon harbi galibi na soja ne da 'yan sanda. Kurtun ɗan sanda kan yi wata shida a kwaleji kafin a ba shi bindiga, hafsa kuwa shekara biyar yake yi a makarantar Wudil, amma duk da haka ba a rasa jin labarin harbin kuskure a shingen hanya. Ina ga ɗan kasuwar da iyakar iliminsa shi ne wani abokinsa tsohon soja ya nuna masa inda kunama take?

Abin da malaman harbi ke fara koyarwa a ko'ina cikin duniya ba saiti ba ne, ladabi ne. Kowace bindiga a ɗauke ta tana da ɗuri, ko da mutum da hannunsa ya zare harsashin. Kada bakinta ya dubi abin da ba a yi niyyar halakawa ba, ko da wasa. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an yanke shawarar harbi. Na ƙarshe, wanda ya fi duka wuya ga mai tsaron gida, shi ne kada a harbi abin da ido bai tantance ba, a kuma san abin da ke bayansa. Faɗin waɗannan a baki ba wuya. Wuyar ita ce a tuna da su ƙarfe uku na dare, ba wutar lantarki, zuciya na bugawa, hannu na rawa, ga motsi a tsakar gida. Sau da yawa mai motsin nan ɗan maigida ne da ya yi dare a gidan kallon ƙwallo ya hauro don tsoron faɗa, ko ƙanen uwargida da ya sauka ba sanarwa. Duniya ba ta manta da Oscar Pistorius ba, ɗan tseren Afirka ta Kudu, wanda ran 14 ga Fabrairu 2013 ya yi harbi huɗu ta ƙofar banɗaki a rufe, ya kashe budurwarsa Reeva Steenkamp, ya ce ya zaci ɓarawo ne. Mutum ne mai lasin, wanda ya saba da filin harbi, amma kotun ɗaukaka ƙara ta same shi da laifin kisan kai a 2015.

Ajiya ma wata jarrabawa ce da ba ta da amsa mai daɗi. In an kulle bindiga a akwati, harsashi a wani wuri dabam, kamar yadda ya kamata, kafin a haɗa su ɓarawo ya iso bakin gado. In an jingine ta da ɗuri a bayan ƙyaure, to yara sun san duk wata maɓoya a ɗakin ubansu, kuma gidan Bahaushe ba ya rabo da yara, nasa da na maƙwabta. Akwai kuma ranar fushi, ranar da miji da mata ko wa da ƙane suka sami saɓani. A Amurka, inda bindiga ta fi mutane yawa, wani bincike da Dokta Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka buga a 1993 ya nuna cewa haɗarin a kashe wani a gidan da ke da bindiga ya ninka na gidan da babu kusan sau uku, kuma yawanci mai kisan na gida ne ko makusanci, ba baƙo ba. An yi ta jayayya kan wannan bincike a can, amma wanda ya san zaman gidan gandu zai fahimci inda ya dosa.

Bayan harbi kuma sai shari'a. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa da gwargwadon ƙarfin da ya zama dole. Dokar Final Kod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta fayyace wannan a sashe na 59 zuwa 67: kare kai na iya kaiwa ga kisa in ana tsoron rasa rai ko mummunan rauni, ko a lokacin fashi da fasa gida da dare, amma ba a yarda a yi ɓarnar da ta wuce bukata ba, kuma babu wannan hakki in akwai sararin neman taimakon hukuma. Ɓarawon da ya juya baya ya kama katanga zai fita, wanda ya harbe shi sai ya yi wa alƙali dogon bayani. Fita da ita waje kuwa wani babi ne. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka tare wasu mafarauta 'yan Jihar Kano a garin Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu ta zuwa gida Salla daga Fatakwal, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu.

Abin lura shi ne, jihohin da suka fi kowa kiran a ɗauki makami, daga baya wata hanya suka bi. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairu 2024, Kano ma ta yi dokar kafa tata rundunar tsaron unguwanni a 2025. Watau an koma ga zaɓaɓɓun mutane masu horo da shugaba da rajista, maimakon bindiga a kowane ɗaki. A Kaura Goje wannan yana nufin kuɗin sintiri da ake bi gida-gida ana karɓa, wanda wasu masu zancen sayen bindigar dubban nairori kan yi wata uku ba su biya ba, da fitila mai aiki da hasken rana a bakin lungu, da lambar caji ofis a wayar uwargida ba ta maigida kaɗai ba.

Saura magana ɗaya da ta shafi gidaje da dama ba su sani ba. Akwai tsofaffin ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa da suka mallaki mai baki biyu da lasinsu tun zamanin Jihar Arewa, suka rasu, bindigar tana nan naɗe cikin tsumma a saman kwaba. Lasin ba ya shiga rabon gado. Doka ta ba magada kwana 14 ne kawai bayan rasuwar mai ita, daga nan sai a miƙa ta ga 'yan sanda a karɓi takardar shaida, ko a nemi sabon izni da sunan wanda ta faɗa wa.