Mishan Na Mako Guda

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, idan aka ce "mishan" a ƙasarmu, abin da yakan faɗo wa mutum a rai shi ne Baturen da ya baro ƙasarsu ya zo ya zauna shekara da shekaru, ya koyi harshen mutane, ya buɗe makaranta ko asibiti, wani ma har ya tsufa ya mutu a nan. Haka Dokta Walter Miller ya yi. Ya iso ƙasar Hausa a 1900, ya zauna a Zariya tun daga 1905, ya sa hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa wadda aka buga a 1932, kuma a Nijeriya ya rasu a 1952. To, amma akwai wani irin mishan dabam wanda ya yaɗu ƙwarai a wannan zamani, musamman a Amurka da Kanada, wanda ba ya wuce mako guda ko biyu. Shi nake so in yi bayani a kansa, watau yadda ake shirya shi, da inda ya samo asali, da kuma abin da aka gano game da amfaninsa a wata ƙasa da ake kira Honduras.

Ga yadda abin yake. Wata majami'a a wani gari na Amurka sai ta yi sanarwa cewa bana za a tafi ƙasa kaza aikin taimako lokacin dogon hutu. Sai masu so su ba da sunayensu, galibi mutum goma zuwa ashirin. A cikinsu akan sami 'yan sakandare kamarmu, da ɗaliban jami'a, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa, da dattawa masu cin fansho, wani lokaci kuma da likita ko nas. Ba a biyansu ko kwabo, su ne ma za su biya kuɗin jirgi da na abinci da na masauki. Saboda haka tun tafiya tana saura watanni ake shiga neman kuɗi. Yara su rubuta wa dangi da abokan arziki wasiƙu suna neman gudummawa, samari su yi wankin mota, mata su gasa burodi su sayar a ƙofar majami'a. Sa'an nan a nemi fasfo, a yi allurar rigakafi, a koyi 'yar gaisuwa cikin harshen mutanen da za a je wurinsu. Ranar Lahadin ƙarshe fasto ya kira su gaban jama'a a yi musu addu'a.

Da sun sauka can, wata majami'a ko ƙungiya ta 'yan ƙasa ce take tarbarsu, ta ba su masauki da mota da tafinta. Aikin da suka fi yi shi ne gini, kamar gidan wani talaka mai ɗaki biyu, ko ajin makaranta, ko masai. Da safe su kwaɓa siminti, su ɗauki bulo su miƙa wa birkila. Da la'asar su tara yara su koya musu waƙoƙi da labaran Littafi Mai Tsarki. In akwai likita a cikinsu, sai a kafa rumfa kwana biyu ko uku ana duba marasa lafiya, ana raba magani da tabarau. Ranar ƙarshe a ɗauki hotuna, a yi ban kwana, wani lokaci har da hawaye, su koma gida. In ka tambaye su dalili, abu biyu za su gaya maka: cewa Yesu Almasihu ya umarci almajiransa su kai bishara ga dukan al'ummai, ya kuma umarce su su ciyad da mayunwaci, su ƙaunaci maƙwabci.

Wannan irin tafiya ba ta yiwu a zamanin dā ba, domin hanya tana da tsawo da haɗari. Mutum uku na farko na mishan ɗin SIM sun sauka Legas a 1893, kafin ƙarshen shekarar da ta biyo baya biyu daga cikinsu sun rasu da ciwo. Wanda ya hau jirgin ruwa a wancan lokaci ya san ba gobe zai komo ba. Abin ya fara sakewa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1957 wani ɗalibi mai suna George Verwer da abokansa biyu suka tuƙa mota zuwa Meksiko lokacin hutu suna raba littattafan bishara, daga nan ne ƙungiyar Operation Mobilisation ta samo tushe. A 1960 Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission don aika matasa na ɗan lokaci. A daidai waɗannan shekaru kuma manyan jiragen sama masu sauri suka fara ɗaukar fasinja, tafiyar makonni ta koma ta sa'o'i. Abu ya yi ta bunƙasa, har wani malami na Jami'ar Princeton, Robert Wuthnow, ya ƙiyasta cikin littafinsa na 2009 cewa Amurkawa wajen miliyan 1.6 suke yin irin wannan tafiya kowace shekara.

Abin da mutane masu yawa haka suke yi, ya cancanta a tambaya ko yana da amfani. Wurin da aka sami amsa mai ma'ana shi ne Honduras, wata ƙasa ta Amurka ta Tsakiya inda ake jin Sifaniyanci. A ƙarshen watan Oktoba na 1998 wata muguwar guguwar teku da aka sa wa suna Mitch ta faɗa wa ƙasar. Ta yi kwanaki tana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, koguna suka cika suka batse, tsaunuka suka zabtare a kan ƙauyuka. Kogin Choluteca ya share unguwanni a Tegucigalpa, babban birnin ƙasar. Mutane wajen 7,000 suka mutu a Honduras kaɗai, dubban gidaje suka rushe, gonakin ayaba suka lalace. Shugaban ƙasar na lokacin, Carlos Flores, ya ce bala'in ya mai da su baya da shekara hamsin.

Da labari ya bazu, majami'u na Amurka da Kanada suka yi ta aiko da ayari bayan ayari don a sake gina gidaje. A nan ne wani malami mai nazarin zaman jama'a, Kurt Ver Beek, na Kwalejin Calvin ta Jihar Michigan, ya yi shawarar ya bi sawun aikin. Shi kansa Kirista ne, ya kuma daɗe yana zaune a Honduras, don haka ba da nufin ɓata wa kowa suna ya yi ba. Ya yi wa mutum 162 daga cikin waɗanda suka je tambayoyi, ya kuma ziyarci iyalan da aka gina wa gidaje, waɗanda baƙi suka gina wa da waɗanda ƙungiyoyin 'yan ƙasa suka gina wa. An buga sakamakon a 2006.

Abu na farko da ya gano shi ne batun kuɗi. Ayari guda yakan kashe wajen dala 30,000 don ya zo ya gina gida ɗaya, alhali kuwa ƙungiyar 'yan ƙasa tana gina irin wannan gida da dala 2,000. Kada mai karatu ya zaci sata aka yi. Lissafin a fili yake: in mutum ashirin suka tafi, kowa ya kashe dala 1,500 a kan jirgi da masauki da abinci, kuɗin sun tashi ke nan tun ba a sayi ko buhun siminti ɗaya ba. Mu da muke koyon lissafi mun san 30,000 a raba da 2,000 zai ba da 15. Watau kuɗin da ya kawo baƙi suka gina gida ɗaya, da an aiko da shi ya isa a gina goma sha biyar. Iyali goma sha huɗu ke nan da suka ci gaba da kwana a tanti ko a gidan dangi. Ban da wannan, ƙasar ba ta rasa birkiloli da kafintoci da leburori ba, kuma a lokacin babu abin da suke nema kamar aikin yi, tun da guguwa ta cinye gonakin da suke ci a ciki.

Abu na biyu ya shafi su masu tafiyar. Sau da yawa in an yi maganar tsada, sai a ce ai babban amfanin tafiyar shi ne ta sake halin wanda ya je, ya ga talauci da idonsa, ya komo ya zama mai kyauta har ƙarshen ransa. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana. Da aka tambaye su kuwa, da yawa sun ce lallai tafiyar ta taɓa zuciyarsu. Amma da aka duba abin da suke bayarwa kafin tafiya da bayanta, sai aka ga bambancin kaɗan ne, kuma yawancinsu ba su ci gaba da hulɗa da mutanen da suka gina wa gida ba. Malamin ya kwatanta abin da ɗanyen icce: in ka tanƙwara shi na mako guda ka saki, sai ya koma yadda yake, sai fa in an ɗaure shi ya daɗe a haka. Su kuwa iyalan, sun yi godiya da gidajensu, amma ba a ga wani babban bambanci tsakanin rayuwar waɗanda baƙi suka gina wa da ta waɗanda 'yan ƙasa suka gina wa ba.

Duk da haka, ni a ganina ba daidai ba ne a yanke hukunci cewa tafiyar banza ce. Da fari dai, ba tabbas cewa da ba a yi tafiyar ba za a tara kuɗin. Kaka takan ba jikanta dala ɗari da murna don ya je Honduras, amma da wuya ta aika wa mutanen da ba ta taɓa jin sunansu ba. Na biyu, mutumin da ruwa ya cinye wa gida ba rufin kwano kaɗai yake bukata ba. Ganin wani ya taso daga nesa ya zo ya ɗauki bulo tare da shi yana sanyaya masa zuciya, kamar yadda mu ma muke jin daɗin wanda ya zo mana jaje da ƙafarsa fiye da wanda ya aiko da saƙo. Zumunci a ƙafa yake. Abin da ke ɓata shi shi ne a zo sau ɗaya, a yi alkawarin wasiƙa, daga nan shiru.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi ɓarnar kuɗi, watau baƙo ya yi gaban kansa ba tare da ya tambayi masu gari ba. An ga misalin wannan a Haiti, wata ƙasa da ke tsibiri gabas da Honduras, bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairu, 2010. A ƙarshen wannan wata aka kama Amurkawa goma, yawancinsu 'yan majami'un Baptis na Jihar Idaho, suna ƙoƙarin ƙetare iyaka da yara 33 ba tare da takardun hukuma ba. Sun ce marayu ne za su kai gidan marayu. Da aka bincika sai aka tarar yawancin yaran suna da uwa ko uba da rai. Ko da niyyar mutum tana da kyau, baƙo makaho ne ko da yana da ido.

To, wace irin tafiya ce take da amfani? Daga abin da na karanta, na ga sharuɗɗa uku. Na ɗaya, masu gari su ne za su faɗi abin da suke bukata, su kuma shugabanci aikin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, baƙo ya kawo abin da babu shi a wurin, kada ya zo ya ƙwace wa lebura aikinsa. Muna da misali kusa da mu. Asibitin Galmi da ke Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950, ya yi shekaru yana karɓar likitocin fiɗa da sauran ƙwararru daga ƙasashen waje, su yi 'yan makonni ko watanni suna taya likitocin da ke zaune a wurin. Irin wannan baƙo ya tarar da aiki yana tafiya, ya sa hannu, ya tafi ya bar shi yana tafiya. Na uku, a daure a riƙa komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara, a ci gaba da aiko da gudummawa a tsakani, har a san juna da suna.

Wannan darasi bai tsaya ga 'yan majami'ar Amurka kaɗai ba. Mu ma nan mukan fita da ƙungiyoyinmu na makaranta zuwa ƙauyuka aikin gayya, mu share kasuwa ko mu dasa itatuwa. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu, kafin a ɗauki hayar mota, a lissafa kuɗin motar da na abinci a gwada da kuɗin aikin da za a yi. A fara zuwa wurin mai gari da dattawansa a ji abin da ya fi damunsu. In kuma an dasa itatuwa da damina, a koma da rani a ga ko akwai mai ba su ruwa. Allah ya sa alherin da muke nufin yi ya isa ga masu bukatarsa, amin.