Kafin Mu Haɗa Kwamfutar Tebur

Jama'a, matasanmu na zango da yawa sun koma sayen kayan kwamfuta ɗai-ɗai suna haɗawa da hannunsu, wasu don shagon buga takardu, wasu don makaranta. Abin yabo ne, amma kuɗin gumi kan salwanta idan kayan ba su dace da juna ba.

Mu fara da ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa, domin ita ke zaɓar babban allon da za ta zauna a kai. Allon AMD mai gurbin AM4 yana aiki da RAM irin DDR4, mai gurbin AM5 kuwa, wanda ya fito a 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa. Mai sayen na hannu ya kula: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, kuma Windows 11 tana neman furosesar Intel zubi na 8, na 2017, ko wadda ta biyo baya.

Inda muka fi sakaci shi ne akwatin wuta. Sai mutum ya zuba dukiya a furosesa, ya sayi akwati marar suna don araha. Alhali kowa ya san halin lantarkinmu, yanzu ƙarfi, an jima rauni. In irin wannan akwati ya ƙone, yakan tafi da allon. Gara mu tsaya a RAM giga 8, mu ƙara daga baya, rarar kuɗin ta tafi ga akwatin sanannen kamfani da UPS. Kada kuma mu manta ragar tare ƙura, saboda hunturu.