Kula da Fakitoci da Sigoginsu a Manhajojin Python: Bayani ga Jami'ai da Sauran Jama'a

Sau da yawa akan ga manhajar da aka kashe kuɗi aka yi wa wani ofishi, ko ta biyan albashi ko ta ajiye sunayen manoman da za a raba wa taki, tana aiki lafiya ƙalau har ranar da kwamfutar ta lalace. Da zarar an ɗora ta a kan sabuwar kwamfuta sai ta ƙi tashi, alhali babu wanda ya taɓa ko harafi ɗaya a cikinta. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a, musamman jami'an ƙananan hukumomi, bayanin ɗaya daga cikin manyan dalilan da ke jawo hakan.

Mene ne fakiti?

Python harshe ne na rubuta manhajar kwamfuta, wanda Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar a shekarar 1991. Mai rubuta manhaja da shi ba ya fara komai daga tushe. Yakan ɗauko fakitoci, wato ƙunshin aikin da wasu suka riga suka yi suka bayar kyauta, ya harhaɗa su da nasa. Akwai babban rumbu a intanet mai suna PyPI, wanda aka buɗe a 2003, yana ɗauke da fakitoci fiye da 500,000, kuma da wata 'yar manhaja mai suna pip ake ɗebo su. Alal misali, Django na gina shafukan intanet ne, pandas kuma na lissafin jadawali. Shi kansa pandas ba ya aiki sai da wani fakiti mai suna NumPy. Da haka manhaja guda takan dogara ga fakitoci masu yawa, har da waɗanda mai ita bai san da su ba.

Inda matsalar take

Kowane fakiti yana da siga, wato lambar da ke nuna fitowarsa, kamar 1.26 ko 2.0. Duk mai injin niƙa ya san cewa idan bel ya tsinke, ba kowane bel ake sayowa ba, sai mai lambar da ta dace da injin. Haka fakitoci suke. Idan ba a gaya wa pip sigar da ake so ba, sabuwa zai ɗauko, ita kuwa sabuwar tana iya saɓa wa wadda aka gina manhajar a kanta. An ga haka a watan Yunin 2024, lokacin da NumPy 2.0 ta fito, inda fakitoci da dama da aka haɗa a kan tsohuwar sigar suka ƙi aiki har sai da aka sake fitar da su.

Har ila yau, shi kansa Python yana tsufa. An daina kula da Python 2 a ranar 1 ga Janairun 2020, kuma kowace siga ta Python 3 tana samun kulawa ta kimanin shekara biyar ne, ta 3.8 ta ƙare a Oktoban 2024. Bayan wannan wa'adi, ko an gano wata kafa da ɓarayin bayanai za su bi, ba a toshe ta.

Matakan da ya kamata a bi

Na farko, a rubuta sunan kowane fakiti da sigarsa a fayil ɗin da ake kira requirements.txt, kamar haka: pandas==2.2.2. Umarnin pip freeze yana fitar da jerin gaba ɗaya. Manhajoji irin su Poetry da uv suna yin wannan aiki cikin tsari mafi tsauri.

Na biyu, a keɓe wa kowace manhaja ɗakinta ta hanyar venv, wanda yake cikin Python tun sigar 3.3 ta 2012, domin kada fakitocin wannan aiki su cakuɗe da na wancan.

Na uku, kada a ce tunda an ƙulle siga an gama. A riƙa sabunta fakitoci lokaci-lokaci, amma a fara gwadawa a wata kwamfutar kafin a taɓa wadda ofis ke aiki da ita.

Na huɗu, a tantance sunan fakiti kafin a sauke shi. A 2017 hukumar tsaro ta ƙasar Sulobakiya ta gano fakitocin jabu guda 10 a PyPI, ciki har da urlib3, wanda harafi ɗaya ya bambanta shi da na ainihi, urllib3.

Na biyar, a wuraren da intanet ke da rauni, a yi amfani da umarnin pip download a sauke fakitocin a ajiye a filashi, domin a iya ɗora manhajar ko babu sabis.

Kira ga jami'ai

Ba lallai ne jami'i ya iya rubuta manhaja kafin ya kare dukiyar jama'a ba. Muna shawartar duk wanda zai karɓi aiki daga ɗan kwangila da ya nemi ainihin rubutun manhajar, da jerin fakitoci da sigoginsu, da sigar Python da aka yi amfani da ita, sannan a ɗora manhajar a kan wata kwamfuta dabam a gaban idonsa kafin ya sa hannu a takardar kammala aiki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sa mu dace.