Babi na Biyu: Tafkin Cadi, Yanayinsa, Halittunsa da Tarihin Bincikensa

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin sana'ar su a ƙasar Gwandu da Kalgo, inda dattawan masunta suka shaida wa mai bincike cewa a ƙuruciyarsu sukan bar fadamar gulbin Rima su tafi cin rani gabas har Tafkin Cadi, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Ba zai yiwu a fahimci labaransu da kalmomin sana'arsu ba sai an san wurin da suke magana a kai. Saboda haka, a wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana inda tafkin yake, da halittun da ke rayuwa a cikinsa, da kuma tarihin waɗanda suka yi bincike a kansa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, Tafkin Cadi ruwa ne marar zurfi wanda ba ya zama wuri ɗaya, kuma wannan hali nasa shi ke juya rayuwar kifi da mutane, har da rubuce-rubucen masu bincike.

2.1 Muhallin Tafkin da Asalinsa

Tafkin Cadi yana kan iyakar ƙasashe huɗu, wato Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, a bisa tsayin kimanin mita 280 daga fuskar teku. Ɓangaren da ke cikin Nijeriya yana arewa maso gabashin Jihar Borno, kuma garin Baga shi ne mashahuriyar kasuwar kifinsa.

Masana ilmin ƙasa sun kasa manyan tafkunan Afirka bisa ga asalinsu. Akwai waɗanda suka taru a cikin tsagewar ƙasa, wato wurin da doron ƙasa ya rabu biyu tsakiyarsa ta nutse. Misalin irin wannan shi ne Tafkin Tanganyika a gabashin Afirka, mai zurfin kimanin mita 1,470. Ita ma ƙasar da ke ƙarƙashin kwarin Cadi ta taɓa tsagewa miliyoyin shekaru da suka wuce, kuma tsagewar tana da nasaba da ta kwarin Binuwai. Sai dai yashi da laka sun daɗe da cike ta. Man fetur ɗin da ake haƙa a Agadem ta ƙasar Nijar daga irin wannan binnanniyar tsagewa yake fitowa. Don haka abin da ya rage a sama shimfiɗaɗɗen wuri ne kamar faranti. Ko a shekarun da tafkin ya cika sosai, zurfinsa a yawancin wurare bai wuce 'yan mitoci kaɗan ba.

Mutumin Kalgo ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin ya san yadda fadama take. Idan ruwa ya ƙaru da kamu ɗaya sai ya mamaye gonaki masu yawa, idan kuma ya ragu da kamu ɗaya sai tudu ya bayyana. Haka Tafkin Cadi yake, illa dai shi faɗinsa ya kai na wata ƙasa.

2.2 Mashigar Ruwa da Cika da Janyewa

Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai wa tafkin daga kogin Shari da reshensa Logon yake fitowa. Su kuwa suna tasowa ne daga kudu, daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tuddan Adamawa. Daga ɓangaren Nijeriya akwai Komadugu Yobe, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Haɗejiya da na Jama'are. Ke nan ruwan saman da ya sauka a ƙasar Kano gabas yake nufa zuwa Cadi, alhali na ƙasar Gwandu yana bin Rima ne zuwa Kwara. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage abin da ke isa tafkin ta wannan hanya.

Tafkin ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa zuwa teku. Rana ce ke shanye mafi yawansa, fiye da mita 2 a kowace shekara. Bisa al'ada irin wannan ruwa yakan zama zartsi, amma na Cadi ana sha, dabbobi ma suna sha. Dalili kuwa shi ne, wani kaso na ruwan yana tsotsewa ta ƙarƙashin ƙasa ya tafi da gishirin, wanda ke taruwa a kwarurrukan ƙasar Kanem a matsayin kanwa. Wannan kanwa ta daɗe tana shigowa kasuwannin ƙasar Hausa.

A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, sai wani tudu ya bayyana a 1973 ya raba shi gida biyu, na arewa da na kudu. Farin 1984 ya ƙara tsananta lamarin, har faɗin ruwan ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000, ɓangaren arewa kuma ya riƙa bushewa ƙaf. Wannan ne ya sa aka yi ta cewa tafkin zai ƙafe. Amma hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa ruwan ya ɗan farfaɗo tun daga shekarun 1990, kuma wani babban ɓangarensa yana ɓoye ne a ƙarƙashin ciyayi. Haka kuma bincike ya tabbatar da cewa kimanin shekara 7,000 da suka wuce faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000. Kwalekwalen da wani makiyayi ya tono a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, wanda shekarunsa suka kai kimanin 8,000, shaida ce cewa mutanen yankin sun daɗe suna mu'amala da ruwa mai yawa.

2.3 Halittun Tafkin

An ƙidaya nau'o'in kifi fiye da 100 a tafkin da kogunan da ke shiga cikinsa. Yawancinsu masuntan Kabi sun san su da sunayensu, kamar giwan ruwa da tsage da kawara da kurungu da yauni da karfasa da tarwaɗa da bargi da gaiwa. Wannan na daga cikin abin da ya sauƙaƙa wa masunta Hausawa zama a can, domin ba baƙon kifi suka tarar ba. Janyewar ruwa ta sauya irin kifin da ake kamawa. Masu son buɗaɗɗen ruwa, kamar giwan ruwa da kawara, sun ragu. Masu jure wa laka da ciyayi kuwa, kamar tarwaɗa da karfasa da bargi, su suka yawaita. Ita gaiwa takan binne kanta a cikin taɓo ta jira dawowar ruwa, kamar yadda take yi a fadamun Kalgo. Mafi yawan kifin ana yin bandarsa ne, a kai Maiduguri, daga nan kuma a wuce da shi Anaca da Legas.

Ban da kifi akwai dorina da kada, kuma a da giwaye sukan zo bakin ruwan garke-garke. Ta fuskar tsuntsaye akwai dinya da kirinjijiya da zalɓe da kwasakwasa da gauraka, ga kuma ɗimbin tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a nan. A tsibiran tafkin kuwa Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, suna kiwon shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda suka saba da iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan don neman ciyawa.

2.4 Tarihin Binciken Tafkin

Tafkin sananne ne ga mutanen daular Kanem da Borno tun da daɗewa. A ƙarni na 13 masanin nan Ibn Sa'id ya ambace shi da sunan Tafkin Kuri. Abin da ya kawo Turawa a ƙarni na 19 shi ne neman sanin inda kogin Kwara ya ƙare, domin wasunsu suna zaton a Cadi yake zubewa, daga nan ya haɗu da kogin Nilu.

Ayari na farko ya taso daga Tarabulus, ya ƙunshi Denham da Clapperton da Oudney, 'yan ƙasar Birtaniya. Sun hangi tafkin a watan Fabrairu na 1823, sannan Shehu Muhammad al-Kanemi ya karɓe su a Kukawa. Denham ya bi gaɓar tafkin har ya ga kogin Shari yana shiga cikinsa, amma bai samu ikon zagaye shi duka ba. Oudney ya rasu kusa da Katagum a 1824. Clapperton ya wuce Kano, ya isa Sakkwato a watan Maris na wannan shekara, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashen yankin. Ya sake dawowa Sakkwato, kuma a can ya rasu a 1827. Baransa Richard Lander da ƙanensa John su suka warware matsalar a 1830, da suka bi Kwara daga Busa har bakin teku, aka tabbata ba ta da haɗi da Cadi.

Ayari na biyu ya bar Tarabulus a 1850, ya ƙunshi Richardson da Jamusawa biyu, Barth da Overweg. Sun ɗoro wa raƙuma wani jirgin ruwa gunduwa-gunduwa suka ƙetaro da shi hamada. A 1851 Overweg ya harhaɗa jirgin ya shiga tsakanin tsibiran Buduma, ya zama Bature na farko da ya yi tafiya a kan ruwan tafkin. Ya rasu a gaɓarsa a 1852. Shi kuwa Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, da ya fara zuwa bakin tafkin daga Kukawa, fadama da ciyayi ya yi ta gani, ya sha wahala kafin ya hangi buɗaɗɗen ruwa.

A nan ne tarihin tafkin ya haɗu da na Gwandu. Daga Kukawa Barth ya yi yamma ta Damagaram da Katsina da Wurno da Sakkwato, ya iso Gwandu a watan Mayu na 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi ɗan Fodiyo. Sarkin bai yarda sun gana ba, amma ya ba shi takardar izinin wucewa. A Gwandu ne aka ara masa littafin Tarikh al-Sudan, ya kwafi wasu sassa, waɗanda ta hanyarsu Turai ta san tarihin daular Songhai. Barth ya ɗauka Ahmad Baba ne ya wallafa shi, daga baya aka gane na Abdurrahman al-Sa'di ne. A cikin masu yi masa hidima a wannan tafiya akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda Overweg ya 'yanta. Dorugu ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, kuma daga bakinsa J. F. Schön ya rubuta labarai da yawa na littafin Magana Hausa na 1885. Wannan ya nuna cewa binciken tafkin ya bar gado har a nazarin Hausa. Ya kuma nuna cewa masu binciken sun dogara ne ga ilmin sarakuna da malamai da bayin da suka tarar, domin Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari.

A tsakanin 1906 da 1909 wani hafsan Faransa mai suna Tilho, wanda ya zo aikin shata iyaka daga Kwara zuwa Cadi, ya tarar da arewacin tafkin a bushe. Shi ne daga baya ya kasa yanayin tafkin gida uku: ƙarami da matsakaici da babba. Da wannan aka fahimci dalilin saɓanin da ke tsakanin bayanan matafiya. Kowannensu gaskiya ya faɗa, sai dai kowa da halin da ya tarar da ruwan.

2.5 Tasirin Sauyin Tafkin ga Jama'a

Ƙasashe huɗun da ke kewaye da tafkin sun kafa Hukumar Raya Tafkin Cadi a 1964, lokacin da yake cike. Nijeriya kuma ta buɗe babban aikin noman rani na kudancin Cadi a 1979, amma ruwa ya janye ya bar hanyoyin ban ruwan a bushe, aikin bai cim ma burinsa ba. Su kuwa masunta da manoma da makiyaya bin ruwan suka yi ta yi duk inda ya nufa, suna kafa ƙauyuka a kan ƙasar da ya bari, ba tare da lura da iyaka ba. Wannan ya haifar da gardama tsakanin Nijeriya da Kamaru a kan Darak da ƙauyukan da ke kusa da ita. A 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci cewa yankin na Kamaru ne, Nijeriya ta janye a ƙarshen 2003, Hausawa da dama suka wayi gari a wata ƙasa. Bayan haka rikicin Boko Haram, musamman harin da aka kai Baga a watan Janairu na 2015, ya tarwatsa jama'a ya durƙusar da cinikin kifi na tsawon shekaru.

2.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Tafkin Cadi yana zaune ne a kan tsohuwar tsagewar ƙasa da ta cike, shi ya sa ba shi da zurfi, yake cika yana janyewa gwargwadon ruwan da Shari ta kawo. An ga yadda wannan ya sauya nau'in kifi, ya saɓa bayanan matafiya, ya kuma motsa jama'a har ƙetaren iyaka. An kuma nuna rawar da Sakkwato da Gwandu suka taka a tarihin bincikensa. A babi na gaba za a duba kalmomin su da masuntan Kalgo suka tafi da su can, da waɗanda suka aro daga Barebari da Buduma suka dawo da su gida.