An Sauko Daga Dutse Lafiya, Saura Hanya

Duk wanda ya nufo birnin Dutse, ko ta Kwanar Huguma ko ta Shuwarin, duwatsu ne ke fara yi masa maraba tun kafin ya shiga gari. Wasu sun miƙe santal kamar ganuwa, wasu kuma sun hau kan juna tamkar wani ne ya jera su da hannu, ga itatuwan dabino a gindinsu. Daga gare su garin ya samo suna. Labarin baka na cewa wani maharbi mai suna Duna-Magu ne ya tarar da gada jingim a tsakanin duwatsun, shi ya sa har yau ake kiran wurin Dutsen Gadawur. Fadar sarki ma a Garu take, duwatsu kewaye da ita.

Masana ilimin ƙasa sun ce waɗannan duwatsu narkakken dutse ne da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce, sannan ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya rufe su har suka fito fili. Danginsu sun faro tun daga tsaunukan Azbin, suka ratso ƙasar Damagaram, suka gangara har tudun Jos.

Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka taru. Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, sai ɗalibai daga ko'ina a ƙasar nan suka ƙaru a kai. Ga matashin da ya taso a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Haɗejiya ko Gumel, dutsen da ke leƙo shi ta tagar ɗakin kwana abin sha'awa ne. Don haka a ƙarshen mako, ko a yawon Sallah, ba a rasa ayarin abokai da suka yi karo-karo, suka sayi ruwan leda da gurasa da tsire, suka nufi hawa. Wasu a duwatsun cikin gari suke tsayawa. Wasu kan ɗauki mota zuwa Birnin Kudu, inda Dutsen Habude da Dutsen Mesa ke ɗauke da zanen shanu na mutanen da, tare da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa in an buga su, waɗanda Bernard Fagg na gidan tarihi na Jos ya bayyana wa duniya labarinsu a tsakiyar shekarun 1950.

Hawan dutse ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kanawa na hawan Dala da Goron Dutse, Zazzagawa na da Kufena, Zamfarawa na da Kwatarkwashi. Abin da ya sauya shi ne a da da ƙafa ake zuwa gindin dutse, a kuma koma da ƙafa. Yau da mota ko babur ake zuwa, kuma a nan ne rabin labarin da ba a cika ba shi muhimmanci ba yake.

A kan dutse kowa a farke yake

Hawan da ake yi a Dutse da hannu da ƙafa ne, ana bin tsagi da hanyoyin awaki, babu igiya babu ƙugiya irin na ƙwararrun ƙasashen waje. Haɗarinsa sananne ne. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, fuskar dutse takan ɗau zafi har tafin hannu ya kasa jurewa. Da damina kuwa gansakuka kan sa dutse santsi kamar an zuba masa karkashi, ga tsawa da ta fi faɗa wa wuri mai tsawo. A cikin tsagi akwai kububuwa, a kogo akwai ƙudan zuma, kuma mutumin da zuma ta kora a kan gangare ba ya duba inda zai sa ƙafa. Silifas na zamewa. Ɗaukar hoto a bakin gaɓa ma ya zama nasa haɗarin.

Amma da yake ido na ganin zurfin da ke ƙasa, kowa yakan nutsu. Na gaba ya miƙa wa na baya hannu. Ana jin “bi a hankali”, “kada ka dubi ƙasa”, “taka nan, wancan yana motsi”. In wani ya ce jiri na ɗibarsa, sai a tsaya a jira shi, ba mai yi masa dariya.

Saukowa ta fi hawa wuya, kuma duk wanda ya taɓa yi ya sani. Gwiwa ta riga ta gaji, ido ba ya ganin matakin da ke ƙarƙashi sosai, zuciya kuma ta ɗauka an gama. Haka abin yake har a dutsen Everest, wanda ya fi kowane tsawo a duniya: wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2008 ya nuna cewa fiye da rabin waɗanda suka rasu a can ƙololuwar, bayan sun kai sama ne suka rasu, a hanyar dawowa.

To, da ƙafa ta taka ƙasa, sai a yi hamdala, a karkaɗe wando, a ce an tsira. Daga nan nutsuwar da aka yini da ita takan zube a gindin dutse.

Jikin da ya gaji, motar da ta cika

A duba halin da direban ayarin yake ciki a wannan lokaci. Tun Asuba yake a farke. Shi ma ya hau tare da kowa, ya yi zufa, ruwan da aka zo da shi ya ƙare tun a sama. Cinyoyinsa na rawa. Watakila ya ɗora abinci mai nauyi a kan gajiyar. Ya zauna a kujera mai laushi, iska na kaɗa shi, abokan da ke baya sun fara gyangyaɗi ɗaya bayan ɗaya. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma irin wannan yanayi yake jira.

Masu bincike a Ostiraliya sun gwada mutane, suka gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa kan ragu daidai da na wanda ya sha barasa har ta kai mizanin da ƙasashe da dama ke hana tuƙi a kansa. Wanda ya tashi ƙarfe 5 na asuba, da ƙarfe 10 na dare ya cika wannan adadi, tun ba a lissafa hawan dutse da rana ba. Goro da kofi da lemon ƙara kuzari suna iya buɗe ido na ɗan lokaci, amma ba sa biyan bashin barci.

Lissafin gudu kuwa ba ya da sassauci. Motar da ke tafiya a kilomita 100 cikin awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In ido ya rufe na daƙiƙa 4 kacal, ta yi mita 110 ba mai tuƙa ta, wato fiye da tsawon filin ƙwallo.

Sai kuma ita motar. Wadda aka ƙera don mutum biyar, an cusa mata bakwai ko takwas, biyu a gaba kusa da direba, wani ma a but. Nauyi na ƙara tsawon tazarar da birki ke buƙata, yana kuma matsa wa taya da ta yini a kan kwalta mai zafi. Yawancin tayoyin na hannu ne. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a daina amfani da taya in ta shekara 4 da ƙerawa, ko da zanenta bai suɗe ba. Kaɗan ne daga masu aron motar yaya ko ta baba don fita yawo ke durƙusawa su duba.

Lokacin komawar ma shi ne mafi muni a yini. Ana son a ga faɗuwar rana daga sama, don haka ba a kama hanya sai bayan Magariba.  Da hunturu ga hazo. A wannan sa'a ce makiyaya ke tsallaka titi da shanu, amalanken shanu da ba ta da fitila ke dawowa daga gona, masu babur ke fitowa daga ƙauyuka, musamman ranar cin kasuwar Shuwarin. In tirela ta lalace a hanya, sau da yawa ganye kawai ake jerawa a bayanta. Faɗaɗa hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta bi ta Wudil da Shuwarin da Azare, ta rage arangamar gaba da gaba, amma kwalta mai kyau takan ja ƙafar matashi ta danne totur. A ƙa'ida, ƙaramar mota ba ta wuce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato daidai sa'annin waɗanda ke cika motocin yawon nan. Afirka ce ke da kaso mafi muni in aka auna da yawan jama'a. Hukumar ta kuma ce ɗaura bel na rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi. Duk da haka, matashin da ɗazu ya riƙe hannun abokinsa gam a kan gangare, kunya yake ji ya ce masa ya ɗaura bel ko ya rage gudu, kada a ce matsoraci ne.

In abin ya auku

Mintocin farko bayan hatsari su ne ke raba wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba, kuma galibi mutanen gari da matafiya ne ke fara isowa. Niyyarsu alheri ce, amma gaggawa kan yi ɓarna. Wanda ya bugu a wuya ko gadon baya, in aka fizgo shi ta taga aka naɗe shi a bayan a-kori-kura, yana iya rasa ƙafafunsa har abada. Sai in wuta ce ke barazana, abin da ya dace shi ne a tallafe kai da wuya su daidaita da jiki, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi tare a kan wani abu mai faɗi kamar ƙyaure.

A kashe injin, a hana shan taba, a sa mutum ya tsaya nesa yana tsayar da motoci masu zuwa. Inda jini ke zuba a danne shi da tsumma mai tsabta, kada a saki. Wanda ya suma amma yana numfashi, a juya shi a hankali ya kwanta a gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa ruwa a baki. A kira 122, lambar jami'an kiyaye haɗurra, ko 112 ta agajin gaggawa, a faɗi sunan ƙauye ko kwanar da ta fi kusa. In akwai tankar mai a cikin hatsarin, a yi nesa. Jigawa ba za ta manta da daren 15 ga Oktoba, 2024 ba, lokacin da tanka ta kife a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 150.

A Dutse akwai asibitin Rasheed Shekoni da Babban Asibitin Dutse, a Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, manyan raunuka kuma akan tura su asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙashi na Dala. Mutane da dama na ɗari-ɗarin ɗaukar wanda ya ji rauni don tsoron a riƙe su ko a nemi takardar 'yan sanda, alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Karayar da ƙashi ya huda fata, asibiti za a fara kai ta kafin a yi zancen mai ɗori. Haka wanda ya bugu a kai ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau: in ya fara amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko barci ya rinjaye shi, jini ne mai yiwuwa ke taruwa a ciki.

A zaman makoki akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma kalma ce da ke sanyaya zuciyar iyaye. Sai dai malamai kan tunatar cewa tawakkali tare yake tafiya da riƙo da sababi, kuma sababin a nan bai fi ƙarfin ɗalibi ba.

Ayarin da ya san abin da yake yi, tun kafin a fita yake tsara komawa. Ana ƙirga kujeru kafin a ƙirga mutane, in sun fi yawa a nemi mota ta biyu. Ana duba taya da fitila da birki da safe. Ana ajiye jarkar ruwa a mota, ban da wanda za a hau da shi. Ana sanar da wani a gida dutsen da za a je da lokacin dawowa. Direba ba ya kaiwa ƙololuwa, ko kuma a tafi da direba biyu, wanda ya fi hutawa ya karɓi makulli. Na kusa da shi ba ya barci, kuma an ba shi izinin ya ce “Malam, sassauta” ba tare da an ji haushi ba.

Irin wannan ayari da La'asar yake fara saukowa. Su yi salla a gindin dutse, su sha ruwa, direba ya miƙe a inuwa na minti 20. Hoton faɗuwar rana ya wuce su, amma lokacin da ladanin unguwar Takur ke kiran Magariba, motarsu ta riga ta shigo gari, ana sauke kowa a ƙofar gidansu.