Daga Dandalin Ribadu zuwa jami'o'in Amurka: Yadda kasuwar 'yan ƙwallon kwando ta sauya

Da zarar la'asar ta yi sakaliya a Jimeta, sai ka fara jin ƙarar ƙwallo tana dukan siminti a filayen makarantu da na Dandalin Ribadu. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura maki 40, simintin kan riƙe zafinsa har bayan magariba, amma hakan bai hana samari fitowa. Wani da takalmin gwanjo da tafinsa ya suɗe, wani da riga mai ɗauke da sunan wata jami'ar Amurka a ƙirji. A wasu filayen ragar kwandon ta daɗe da tsinkewa, zoben ƙarfen kawai ya rage. Idan aka tsaya shan ruwan leda, sai a yi da'ira a kan waya guda ana kallon gasar jami'o'in Amurka, wadda ita ma a waɗannan watanni take kai wa ƙololuwa. Hirar ba ta wuce abu ɗaya: wane ya samu sikolashif, wane an ce wani koci ya ga bidiyonsa, wane saura biza.

Wannan buri yana da tushe. Adamawa ba baƙuwa ba ce a ƙwallon kwando. Kwalejin Janar Murtala Muhammed ta Yola da 'yan matan sakandaren gwamnati ta Numan sun sha kai jihar zagayen ƙasa na gasar Milo ta makarantun sakandare. Sai dai tsarin da yaranmu ke mafarkin shiga ya sauya ƙwarai daga 2018 zuwa yau, kuma yawancin iyaye da masu horarwa har yanzu da tsohon labari suke aiki. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ma ta sauya.

Yadda ake yi a da

Labarin da kowa ya sani shi ne na Hakeem Olajuwon. Mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa kuma ɗan ƙwallon hannu a Legas, sai da makarantarsu ta zo wata gasar kwalejojin horon malamai a Sakkwato aka sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. A 1980 ya sauka a Houston, babu wanda ya tare shi a filin jirgi, tasi ya shiga zuwa jami'a. Shekararsa ta farko bai buga gasa ba. Jami'ar ta yi haƙuri da shi, ta raine shi, har a 1984 ya zama na farko da aka zaɓa zuwa gasar ƙwararru ta NBA, ya kuma ci kofi a 1994 da 1995.

Mu a Arewa muna da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya koyi wasa a hannun Ba'amurke Oliver Johnson, kocin da ya daɗe a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri ya bi ta wata ƙaramar kwaleji ta shekara biyu a Bismarck, jihar Dakota ta Arewa. Bai yi fice a matsayin ɗan wasa ba, amma ilimi da sanin harkar suka kai shi shugabancin ƙungiyar Toronto Raptors, wadda ta ci kofin NBA a 2019.

A wancan zamani, ɗan wasan da ya bar jami'arsa zuwa wata sai ya zauna shekara guda cur bai buga gasa ba. Ba a yarda ya karɓi ko sisi ba, in ban da kuɗin makaranta da masauki da abinci. Tun da koci ya san yaro zai zauna masa shekara huɗu, yana iya ɗaukar dogon saurayi da bai goge ba, ya koya masa sannu a hankali. Wannan haƙurin shi ne ƙofar da 'yan Afirka da yawa suka bi.

Abin da ya faru daga 2018

A watan Oktoban 2018 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta buɗe wani rumbu a intanet na masu son sauya sheƙa. Ɗan wasa ba ya buƙatar izinin kocinsa kuma. Zai sanar da ofishin makaranta, a shigar da sunansa, nan take kowane koci a ƙasar ya gani ya kuma iya kiransa. A Afrilun 2021 aka yarda kowa ya sauya jami'a sau ɗaya ba tare da zaman shekara ba. Bayan wata shari'a a kotun tarayya da ke West Virginia a Disambar 2023, hukumar ta cire iyakar gaba ɗaya a 2024. Yanzu muddin karatun ɗan wasa yana tafiya daidai, yana iya sauya jami'a kowace shekara.

Sai kuma batun kuɗi. Daga 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasa su yi talla da sunansu da hotonsu a biya su. A Yunin 2025 wata alƙaliyar tarayya, Claudia Wilken, ta amince da wani sulhu da ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Abin da a da haramun ne da ake korar mutum a kansa, yau ya zama ciniki a fili.

Sakamakon haka, a rukunin farko na gasar NCAA ta maza, inda jami'o'i sama da 350 ke da 'yan wasa fiye da 5,000, sama da 2,000 ne ke shiga rumbun a shekara guda. Dubi Jami'ar Florida da ta ci kofin ƙasa a Afrilun 2025 bayan ta doke Houston da maki 65 da 63. Huɗu daga cikin biyar ɗin da suka fara mata wasa daga wasu jami'o'i suka zo. Ɗaya daga cikinsu ɗan Najeriya ne, Rueben Chinyelu daga jihar Anambra, wanda ya bi ta makarantar horarwa ta NBA da ke Saly a Senegal, ya yi shekara guda a Jami'ar Jihar Washington, sannan ya koma Florida. Ugonna Onyenso daga Owerri ya yi Kentucky, ya koma Jami'ar Jihar Kansas, ya sake komawa Virginia. Clifford Omoruyi na birnin Benin ya bar Rutgers zuwa Alabama a 2024.

Ina yaron Jimeta ya tsaya?

Ga wanda ya riga ya shiga, wannan 'yanci ne. Idan koci ya ajiye shi a benci ko ya saɓa alƙawari, yana da hanyar fita. Amma ga wanda ke neman shiga daga gida, ƙofar ta ƙara matsewa. Kocin babbar jami'a a yau aikinsa ya rataya ne a kan sakamakon bana. Idan yana da gurbi guda, ga saurayi mai shekara 22 da ya buga kaka uku, alƙaluman wasansa da bidiyonsa duk suna kan kwamfuta, ga kuma dogon yaro mai shekara 18 daga Yola da ba a taɓa ganinsa a wata gasa da aka sani ba, ba sai an faɗa maka wanda zai ɗauka ba. Ko da ya ɗauki yaron ya raine shi, ya san wata jami'a mai kuɗi na iya janye shi baɗi. Shi ya sa masu ɗaukar ɗanyen yaro suka ragu.

Saboda haka tsani ya ƙara tsawo. Yawancin waɗanda ke tsallakawa yanzu suna bi ne ta wuraren da kociyoyi suka yarda da su: makarantar NBA ta Saly, sansanin Basketball Without Borders na NBA da hukumar FIBA, sansanin Giants of Africa da Ujiri ya kafa a 2003, ko tawagogin matasa na ƙasa. Daga nan wasu su wuce sakandaren Amurka, wasu ƙananan kwalejoji na shekara biyu, wasu rukuni na biyu, sannan idan sun nuna kansu rumbun ya ɗaga su sama.

Rumbun kuma yana da nasa ramin. Ranar da sunanka ya shiga, jami'arka na da ikon janye tallafin karatunka a ƙarshen zangon, kuma kowace shekara akwai ɗaruruwan da ba sa samun sabon gurbi. Ɗan Amurka da hakan ta same shi zai koma gidan iyayensa. Ɗan Najeriya kuwa zamansa a ƙasar ya dogara ne da takardar makaranta. Babu makaranta, babu izinin zama. Haka nan yawan sauya jami'a na sa wasu darussan da aka ci su faɗi a hanya, mutum ya ƙare shekarun wasansa babu digiri a hannu.

Batun miliyoyin da ake ji ma sai an yi hattara. Bizar ɗalibi ba ta ba baƙo damar yin aikin kuɗi yadda ya ga dama a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da ya bar West Virginia zuwa Kentucky ya kuma zama gwarzon ɗan wasan jami'o'i na 2022, sai da ya jira tawagarsu ta je tsibirin Bahamas kafin ya yi tallace-tallacensa. Ita kanta bizar ta ƙara wuya, domin a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. Sannan a tuna, mutum 60 kacal NBA ke zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Takarda kafin tsawo

Abin da ya fi kayar da yaranmu tun kafin su tashi shi ne takardu. Hukumar NCAA na da ofishin tantancewa da ke duba sakamakon kowane zango na shekarun sakandare tare da takardar WAEC ko NECO. Ana buƙatar darussa 16 na asali, da suka haɗa da Turanci da lissafi da kimiyya, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 ga mai son rukunin farko. Yaron da ya yi watsi da aji saboda fili, ko wanda makarantarsu ba ta adana sakamakonsa na aji uku na ƙaramar sakandare ba, zai tarar da ƙofa a rufe komai tsawonsa. Akwai kuma ƙa'idar lokaci: shekara guda ake ɗaga wa mutum ƙafa bayan ya gama sakandare, duk shekarar da ya ƙara yana buga gasa bayan nan za a cire ta daga kakanninsa huɗu. Rage shekaru a takardar haihuwa kuwa, idan asiri ya tonu, da gurbin da bizar da mutunci duk tare suke tafiya.

A nan ne dillalai ke samun shiga. Mutum zai zo da wasiƙa mai tambari a waya, ya ce akwai gurbi amma sai an kawo kuɗin rajista cikin kwana uku, uba ya sayar da fili ko shanu. Wasu ma tafiyar takan yiwu, amma abin da za a tarar ya sha bamban da alƙawari. A 2017 'yan jarida sun bankaɗo yadda aka tara wasu samari, ciki har da 'yan Najeriya, a gidan wani kocin sakandare a garin Paterson na jihar New Jersey, ba tare da cikakkun takardu ko kulawar da ta dace ba. Duk uban da aka kawo wa irin wannan tayi, ya nemi sunan makarantar, ya shiga shafinta da kansa, ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai, ya tambayi wanda zai riƙe yaron da inda zai kwana da abin da zai faru idan ya ji rauni. Jami'ar gaskiya ba ta sayar da tallafin karatu ta hannun wani.

Aikin da ke kanmu

Tun da kociyoyin waje shaida suke nema, aikinmu ne mu samar da ita a gida. Yola na da abin farawa: Jami'ar Modibbo Adama, Jami'ar Amurka ta Najeriya, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, duk a gari ɗaya. Waɗannan huɗu kaɗai sun isa a kafa gasar mako-mako ta maza da mata, a ɗauki bidiyon kowane wasa, a rubuta makin kowane ɗan wasa da ainihin ranar haihuwarsa. Gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA tun 1966 ake yin ta, amma taron 'yan kwanaki ba ya gina ɗan wasa. Idan kowace makaranta ta ware 'yan guraben karatu kyauta ga zakarun Milo na Yola da Numan da Mubi da Ganye, to mun fara namu tsarin ɗaukar 'yan wasa, kuma wanda bai tsallaka teku ba yana da digiri da hanyar zuwa ƙungiyoyin gida irin su Kano Pillars ko Gombe Bulls.

Kada kuma a manta da 'yan mata. Tawagar matan Najeriya, D'Tigress, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ta kuma zama tawagar Afirka ta farko da ta kai zagayen kwata fainal a ƙwallon kwando na gasar Olamfik, a Paris a 2024. Da yawa daga cikinsu ta jami'o'in Amurka suka biyo, da karatu da wasa tare.

Kirana ga iyaye, ku riƙa tambayar sakamakon zango kamar yadda kuke tambayar sakamakon wasa, kuma kada ku miƙa kuɗi ko fasfon yaro ga wanda ba ku tantance ba. Ga masu horarwa, ku faɗa wa yaran gaskiyar yadda kasuwar take a yau. Ga gwamnatin jiha da shugabannin manyan makarantunmu, ku gyara filaye ku kafa gasar. Kai kuma saurayin da ke dukan ƙwallo a Dandalin Ribadu, ci gaba da atisaye, amma gobe da safe ka kasance a aji, domin takardarka ita za a fara dubawa kafin a auna tsawonka.